Washington ya ci amanar Faransa a 1793, ko kuwa dabara ya yi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani abu yana damuna, na ce bari in kawo shi nan. Ina shirya wa ɗalibaina darasi ne a kan shekarun farko na Amurka bayan ta rabu da Ingila, da na iso 1793 sai na tsaya cak.

A 1778, lokacin da Amurkawa ke tsakiyar yaƙin neman 'yanci, ba kuɗi ba albarushi, Faransa ce ta ƙulla ƙawance da su. Ta ba su bashi, ta turo sojoji, ta turo jiragen ruwa. A Yorktown, a 1781, jiragen Faransa ne suka tare bakin teku har sojojin Ingila suka rasa mafita suka miƙa wuya. A cikin yarjejeniyar kuma Amurka ta ɗauki alkawarin tsare wa Faransa tsibiranta na Karibiyan. Shekara 15 kacal bayan haka Faransa ta shiga yaƙi da Ingila, sai shugaban Amurka George Washington ya fito ran 22 ga Afrilu 1793 ya ce shi ba ya bayan kowa. Ni a wurina wannan butulci ne tsagwaronsa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ko akwai abin da ban gani ba?

Auwalu:
Malam, da wace aska zai yi askin? Mutumin da ko kwalekwalen yaƙi ba shi da shi.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam Malam. Auwalu raha yake, amma ya taɓo gaskiya. Jirgin yaƙi na ƙarshe da ya rage musu tun 1785 suka sayar da shi. Sai dai ni takardar kanta zan duba. Ƙawancen 1778 na kare kai ne, wato idan an far wa ɗaya. A Fabrairun 1793 kuwa Faransa ce da bakinta ta shelanta yaƙi a kan Ingila da Holan. Wannan ita ce babbar hujjar Alexander Hamilton, sakataren baitulmali. Ya ƙara da cewa da Sarki Louis na 16 aka ƙulla alkawarin, kuma 'yan juyin juya hali sun fille masa kai a watan Janairu.

Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, ya ce sam. Da al'umma ake ƙulla yarjejeniya, ba da wanda ke kan gadon sarauta ba. Washington bai ɗauki maganar kowa gaba ɗaya ba. Bai soke yarjejeniyar ba, ya yarda a karɓi jakadan sabuwar gwamnatin Faransa ba tare da gindaya sharaɗi ba, amma ya hana Amurkawa tsoma hannu a yaƙin. Har kalmar da ke nufin ba-ruwanmu sai da aka kauce mata a cikin sanarwar, don dai Jefferson ya samu ya haɗiye ta.

Malam Habibu:
Hajiya, hujjar farko na ji ta. Ta sarkin ce ba ta shige ni ba. Idan mutum ya ba ka bashi ya rasu, ai magadansa za ka nema, ba cewa za ka yi shi ke nan ba.

Baba Ilu:
To Malam Habibu, idan magadan ne suka yanka uban fa, wa za ka kai wa?

Wasa nake. Ni ɗan kasuwa ne, ku bar ni da lissafi. Gwamnatin Washington ba ta karɓar harajin albashi. Kusan duk abin da take ci kuɗin fito ne na kayan da ke shigowa ta tashoshin ruwa, kuma mafi yawan kayan nan daga Ingila suke fitowa, su yadi, su kayan ƙarfe, su tangaran. Ga shi tun 1790 Hamilton ya ɗora wa gwamnatin tarayya bashin da jihohi suka ci lokacin yaƙi, da kuɗin fiton nan yake lallaɓa masu bin bashin. Ka yi faɗa da Ingila yau, gobe jirgi ya daina shigowa, jibi baitulmali ta bushe. Wanda bai taɓa yini a shago ba a taya masa ko allura ba shi ne zai ga abin da sauƙi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, yarana, mai da shi wasa.

Dakta Nasiru:
Baba ya gama magana ta fuskar aljihu. Bari in ƙara abin da ake yawan mantawa: Faransa ba ta ma nemi Amurka ta cika alkawarin tsibiran ba. Ta san ba abin da za su iya. Abin da take so shi ne abinci, da a gaggauta biyanta bashinta, da a bar ta ta yi amfani da tashoshin Amurka. Kuma wanda ta turo ya nemo mata wannan shi ya ɓata mata lamari.

Sunansa Edmond Genêt, yaro ne ɗan shekara 30. Maimakon ya sauka a Filadelfiya, babban birnin lokacin, ya miƙa takardunsa, sai ya sauka a Charleston ran 8 ga Afrilu. Nan take ya shiga raba wa masu jirage takardun izinin kama jiragen Ingila da sunan Faransa. Sannan ya biyo ta ƙasa, gari bayan gari ana yi masa walima, ana kiran juna “ɗan ƙasa” irin yadda ake yi a Paris, har sai tsakiyar Mayu ya iso. Wani jirgin Faransa ya jawo jirgin Ingila da ya kama har cikin tashar Filadelfiya, tutar Ingila a kife, ta Faransa a samanta, dubban mutane a bakin ruwa suna ihun murna. Yaron ya ga haka ya ɗauka ƙasar tasa ce.

Sai ya sa aka ɗora wa wani kamammen jirgin Ingila, Little Sarah, bindigogi a ƙarƙashin hancin gwamnati. Jefferson ya roƙe shi kada jirgin ya fita kafin shugaba ya dawo gari, jirgin ya sulale ya fita. Ya kuma ce idan Washington ya matsa, zai tsallake shi ya kai ƙara wurin talakawa. A nan ne ko Jefferson ya janye jikinsa. A watan Agusta aka nemi Faransa ta janye shi.

Ƙarshen labarin ya fi ba ni dariya. Kafin nan gwamnati ta sake hannu a Paris, waɗanda suka hau suna jiran sa da wuƙar fille kai. Washington ɗin da ya raina shi ne ya ba shi mafaka. Ya auri 'yar gwamnan New York, George Clinton, ya koma noma, a can ya mutu a 1834.

Malam Habibu:
Dakta na gode, ban san Faransa ba ta nema ba. Wannan ya rage wa maganata ƙarfi. Amma ba-ruwanmu ɗin ma ai bai tsaya a tsakiya ba. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka ba Landan suka tafi suka ƙulla wata yarjejeniyar da Ingila ba?

Hajiya Binta:
Yauwa Malam, yanzu ka zo inda maganarka take da ƙarfi. Ingila ta kama musu jiragen kasuwanci sama da 200 a Karibiyan, tana tilasta wa matuƙansu aiki a jiragen yaƙinta, ta kuma ƙi fita daga sansanoninta na arewa maso yamma irin su Detroit, alhali tun 1783 ta yi alkawari. Washington ya tura alƙalin alƙalai, John Jay, ya sa hannu a Nuwamban 1794. Ya samo ficewa daga sansanonin, amma batun kama matuƙa ko kalma ɗaya babu. Majalisar dattawa ta tattauna a ɓoye, ta amince da ƙuri'a 20 da 10, daidai kashi biyu cikin uku, da mutum ɗaya ya zame da ta faɗi. Wani sanata ya fitar wa jarida da takardar, gari ya kama da wuta. Aka dinga ƙona mutum-mutumin Jay a garuruwa. Hamilton ya fito zai kare ta a New York, aka jefe shi da duwatsu. A majalisar wakilai kuɗin aiwatar da ita da ƙyar ya tsallake, 51 da 48.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne zagin da suke wa juna. Mutanen Jefferson da abokinsa James Madison suna kiran 'yan Federalist, wato ɓangaren Hamilton, 'yan koren Ingila masu kewar sarauta. Su kuma suna kiran waɗancan 'yan Jakobin (masu tsattsauran ra'ayin juyin juya halin Faransa), karnukan Faransa marasa addini. Kowane ɓangare bai ɗauki ɗayan abokin hamayya ba, ɗauka ya yi ɗan leƙen asirin baƙi ne. Jam'iyyun farko na Amurka a kan rigimar Turai suka tsaya da ƙafafunsu. Shi ya sa a wasiƙar bankwanansa ta Satumban 1796, wadda a jarida aka buga ba a bainar jama'a ya karanta ba, Washington ya haɗa abu biyu wuri guda ya yi gargaɗi a kansu: ƙawance na dindindin da wata ƙasa, da kuma ɓangaranci a gida. A zaɓen wannan shekarar jakadan Faransa, Adet, fitowa fili ya yi a jaridu yana mara wa Jefferson baya.

Auwalu:
Jakada yana kamfen? Ashe abin daɗaɗɗe ne. Wallahi wannan ya tuna mini da wasu a nan gida da...

Shugaban zaure:
Auwalu, a tsaya a kan batu don Allah. Siyasar gida tana da ranarta.

Malam Isuhu:
Ni tambaya ce da ni. Na daɗe ina ganin ana yawo da wani rubutu wai Amurka ta taɓa sa hannu a takarda cewa ita ba ƙasar Kirista ba ce, kuma ba ta gaba da Musulmi. Gaskiya ne ko irin ƙagen intanet ne?

Dakta Nasiru:
Gaskiya ne Malam Isuhu, amma da ƙura a ciki. Yarjejeniyar Tarabulus ce, ta Libiyar yau, an sa hannu a Nuwamban 1796, majalisar dattawa ta amince a Yunin 1797 ba wanda ya ƙi, John Adams, shugaban da ya gaji Washington, ya rattaba hannu. Sashe na 11 na rubutun Turanci ya ce ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba, kuma ba ta da gaba da dokokin Musulmi ko addininsu. Ƙurar ita ce a rubutun Larabci ba wannan maganar, wata wasiƙa ce daga mai mulkin Aljiyas zuwa na Tarabulus take a gurbin. Amma na Turancin aka karanta wa sanatoci, shi suka amince da shi.

Kada dai mu ɗauka soyayya ce ta kawo haka. Da Amurkawa suna ƙarƙashin Ingila tutarta ce ke kare jiragensu a Bahar Rum. Da suka fita, Aljiyas ta kama jirage biyu a 1785, ta ƙara 11 a 1793. Wannan ne ya sa majalisa ta yarda a ƙera jiragen yaƙi shida a 1794, kuma duk da haka sai da suka kashe kusan dala miliyan ɗaya kafin a sako mutanensu. Maroko ce kawai suka samu da sauƙi, tun 1786.

Ita Tarabulus ɗin ma zaman bai ɗore ba. A Mayun 1801 mai mulkinta Yusuf Karamanli ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancinsu, aka shiga yaƙi. Jirginsu Philadelphia ya kafe a bakin tashar a 1803, aka kame mutum kusan 300. A Fabrairun 1804 Amurkawan suka lallaɓo da dare suka banka masa wuta, watan da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Dala 60,000 suka biya fansa a 1805. Wannan Yusuf ɗin shi ne wanda Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Clapperton, ya bi ta hannunsa ya ratsa Fezzan da Borno, ya iso Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello. 'Yan Kano sun san Dandalin Turawa, unguwar fataken da ke bin wannan hanyar.

Maryam:
Ina ta karantawa tun ɗazu, na ga har yanzu ba wanda ya tambayi su wane ne “Amurkawan” da ake ta faɗa.

Ƙidayar 1790 ta nuna mutum miliyan 3.9, kusan 700,000 daga ciki bayi ne. A wannan shekarar majalisa ta yi dokar zama ɗan ƙasa ta ce sai farar fata kuma ɗa, ba bawa ba. To mutanen da ke kuka a jaridu cewa an bautar da 'yan'uwansu ɗari da 'yan kai a Aljiyas, su ne ke riƙe da dubu ɗari bakwai a gonakinsu, cikinsu har da Musulmi masu karatu. Umar ibn Sa'id na Futa Toro a Charleston ɗin nan ta Genêt aka sauke shi a 1807, da Larabci ya rubuta tarihin rayuwarsa. Benjamin Franklin ya ga wannan abin kunyar. 'Yan makonni kafin ya mutu a 1790 ya buga wani rubutun shaguɓe, ya ɗauki hujjojin masu bayi na majalisa ya sa su a bakin wani Balaraben Aljiyas na ƙage yana kare bautar da Kiristoci.

Malam Habibu, kana neman inda Amurka ta yi wa Faransa aski? Ga shi. Da bayi suka yi tawaye a Saint-Domingue, yankin Faransa da ya zama Haiti, a 1791, gwamnatin Washington ta tura wa Turawan gonakin ɗaruruwan dubban daloli da makamai, ana cirewa daga bashin Faransa. A nan ba a ce ba-ruwanmu ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, masu bayi na Virginia suka shafa wa nasu ruwa. Adams ne ma ya ɗan sauya, a 1799 ya buɗe ciniki da Toussaint Louverture, jagoran baƙaƙen da suka yi tawayen, shi ma don ya ƙuntata wa Faransa ne. Jefferson, mai kukan 'yanci, shi ya sa hannu aka haramta ciniki da Haiti a 1806, bayan kayen da baƙaƙen nan suka yi wa sojojin Napoleon ya taimaka masa ya sayi Louisiana dala miliyan 15. Sai 1862 Amurka ta amince Haiti ƙasa ce.

Ban ma taɓo 'yan asalin ƙasar ba. Sansanonin da Jay ya karɓo, ai a kan ƙasarsu suke.

Malam Isuhu:
Maryam, Allah ya yi miki albarka. Wannan ta wuce abin da na tambaya.

Hajiya Binta:
Ƙanwata ta yi gaskiya, kuma ko a cikin fararen ma ƙofar ba a buɗe take kullum ba. Bayan yarjejeniyar Jay, Faransa ta fusata ta kama jiragen Amurka sama da 300. Adams ya tura mutum uku Paris, wakilan ministan waje Talleyrand suka ce sai an ba da toshiyar baki fam 50,000 da kuma rance kafin a zauna. Da aka buga rahoton a 1798 an ɓoye sunayen wakilan da X, Y, Z. Nan 'yan Federalist suka samu abin da suke nema. Suka mai da wa'adin zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 14, saboda baƙin Ailan da na Faransa Jefferson suke bi. Suka kuma yi dokar da ta mai da sukar gwamnati laifi.

Auwalu:
Hajiya bar mini wannan, shi kaɗai na sani. Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, haifaffen Ailan. Wani ɗan Federalist, Griswold, ya yi masa gori a zauren majalisa, Lyon ya tofa masa yawu a fuska. Bayan mako biyu Griswold ya zo da sanda ya rufe shi da duka, shi kuma ya ruga murhu ya rarumo awartakin gyara wuta, aka yi ta kokawa a ƙasa sai da aka ja su ta ƙafa. Daga baya aka ɗaure Lyon wata huɗu da tarar dala 1,000 a ƙarƙashin dokar nan. Yana cikin kurkuku mutanensa suka sake zaɓensa.

Malam Habibu:
Auwalu ashe kana karatu. To jama'a, na sauko daga kan “tsagwaron butulci”, amma ban sauka ƙasa ba. Na yarda ba su da ƙarfin shiga yaƙi, na yarda Faransa ma ba don Allah ta taimake su ba, Ingila take son karyawa. Amma yarjejeniyar Jay har yanzu ina ganin juya baya ce, kuma maganar Maryam ta sa dole in sake tsara darasin gaba ɗaya. Abu ɗaya ya rage mini. Shi ƙawancen na 1778 yaya aka ƙare da shi? Haka kawai aka bar shi ya mutu?

Hajiya Binta:
A'a Malam, sayen kansu suka yi. Bashin kuɗin tun 1795 aka rufe shi. Ƙawancen kuwa sai bayan an shafe shekara biyu ana harbe-harbe a teku ba tare da an shelanta yaƙi ba. Adams ya bijire wa 'yan jam'iyyarsa, Hamilton a gaba, ya sake tura wakilai, aka sa hannu da gwamnatin Napoleon a 1800. Jam'iyyar ta tsage biyu, ya faɗi zaɓe a wannan shekarar. Cinikin da aka ƙare a kai shi ne Faransa ta saki Amurka daga alkawarin 1778, ita kuma Amurka ta yafe diyyar jiragen da Faransa ta kama.

Baba Ilu:
Tsaya 'yata. Jiragen nan na gwamnati ne?

Hajiya Binta:
Na 'yan kasuwa ne Baba, da kamfanonin inshora.

Baba Ilu:
To wa ya biya su?

Hajiya Binta:
Suka koma bin gwamnatinsu. Majalisa ta amince a biya har sau biyu, shugabannin lokacin suka ƙi sa hannu. Sai a 1885 aka miƙa maganar ga kotu, jikoki da tattaɓa-kunne ne suka zo da takardun.

Baba Ilu:
Shekara 85. Malam Habibu, ka sa wannan a darasin naka. An yi wa kuturu aski, amma da askar maƙwabci. Ni zan tashi, an kira la'asar kuma yaron shago bai dawo daga banki ba.